Yadda ake gane wurin da aka ɗauki hoto, daga nahiya har zuwa bakin titi

Mai ɗaukar hoto a kan tafiya yakan saita kyamara a kan abin da ya burge shi: teku, tsauni, dogon gini ko fuskar abokin tafiya. Amma tare da wannan sai falwaya ta shigo ta gefe, da bayan wata mota, da rabin allon shago, da inuwar mai wucewa. Waɗannan tarkacen da ba a gayyace su ba su ne suka fi faɗin inda aka tsaya. Bakin teku mai farin yashi akwai shi a Zanzibar, akwai shi a Tailan da Meziko, amma lambar mota da harshen da ke jikin allo ba sa yawo haka.

Wannan fasaha ta bunƙasa ta hanya biyu. Akwai ɓangaren wasa: a shekarar 2013 wani ɗan ƙasar Suwidin, Anton Wallén, ya ƙirƙiri GeoGuessr, wasan da ke jefa mutum a wani titi cikin hotunan Google Street View ya ce masa ya nuna wurin a taswira. Zagaye biyar ne, kowanne maki 5,000 ga wanda ya dace daidai, kuma a 2023 aka yi gasarsa ta duniya ta farko a Stockholm. Akwai kuma ɓangaren bincike, inda 'yan jarida da ƙungiyoyi irin su Bellingcat, wadda Eliot Higgins ya kafa a 2014, ke tantance hotunan yaƙi da na rikici. Hanyar duka ɗaya ce, kuma duk mai waya da haƙuri zai iya koyon ta.

Mataki na farko: kalli hoton kafin ka ba shi suna

Babbar matsalar mai koyo ita ce gaggawa. Da ya ga rairayi da raƙumi sai ya ce Saudiyya, daga nan duk abin da ya gani sai ya ja shi ya dace da Saudiyya. Riƙe bakinka tukuna. Zuƙo hoton, ka bi shi kusurwa-kusurwa, ka rubuta duk abin da ido ya gani ba tare da fassara ba: mota fara tana tafiya ta hagun titi, layi rawaya a gefen kwalta, rufin jan kwano, tsauni babu bishiya, rubutu mai haruffan boko. Gefe da can baya sun fi tsakiya amfani.

Ka kuma tabbatar hoton ba a juye yake ba. Kyamarar gaba ta waya takan juya hoto yadda madubi ke yi, hagu ta koma dama. Idan akwai rubutu ko lamba a ciki za ka gane nan take. Wanda bai lura da wannan ba zai iya kai hoton Faransa Ingila saboda hannun tuƙi kawai.

Idan ainihin fayil ɗin ne a hannunka, duba bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto, waɗanda ake kira EXIF. A nan akan sami rana da lokaci da samfurin waya, wani lokaci har da daidai wurin da GPS ya nuna. Sai dai Facebook da Instagram da WhatsApp suna goge su daga hoton da aka ɗora, in ban da wanda aka tura a WhatsApp a matsayin fayil. Kuma ana iya sauya su da hannu, don haka shaida ce guda, ba hukunci ba.

Mataki na biyu: raba duniya gida-gida

Aikin tankaɗe ne. Ba sunan ƙasa kake nema da farko ba, ƙasashen da ba za su yiwu ba kake zubarwa har saura ta yi kaɗan.

Fara da hannun tuƙi. Yawancin duniya ta dama ake bi. Masu bin hagu su ne Birtaniya da Ailan da Malta da Saifurus a Turai. Irin su Indiya, Pakistan, Bangaladash, Siri Lanka, Tailan, Malesiya, Indonesiya da Japan a Asiya. Ostireliya da Niyu Zilan. Sai gabashi da kudancin Afirka, irin su Kenya, Uganda, Tanzaniya, Zambiya da Afirka ta Kudu. A Kudancin Amurka kuwa Guyana da Suriname kaɗai. Idan tsohon hoto ne a kula da shekara, domin ƙasashe sun yi canjin hannu: Suwidin a 1967, Najeriya a 1972, Gana a 1974. Dubi inda motoci ke tafiya da inda allunan hanya ke fuskanta, kar ka dogara da ɓangaren da sitiyari yake, don motocin gwanjo na Japan masu sitiyari a dama sun cika gabashin Rasha da Mongoliya alhali ta dama ake tuƙi a can.

Sai rana. A arewacin duniya, can sama da yankin zafi, rana tana karkata kudu da tsakar rana duk shekara. A kudancin duniya tana karkata arewa. Tsakanin layukan nan biyu da ke wajen digiri 23 da rabi arewa da kudu da Ikwaita kuwa abin yana sauyawa da watanni. Kano tana wajen digiri 12 arewa, shi ya sa a watan Yuni inuwar tsakar rana ke faɗuwa kudu, a Disamba kuma ta faɗi arewa ta yi tsawo. Farantan satalayit ma suna taimakawa, saboda taurarin ɗan'adam na talabijin suna tsaye ne a saman Ikwaita, nisan kilomita kusan 36,000. Farantin da ya kusa kwantawa yana kallon sama yana nuna kusa da Ikwaita ake. Wanda ya miƙe yana kallon bakin sararin sama yana nuna can nesa, kamar Norwe ko Kanada. Allunan sola ma Ikwaita suke fuskanta.

Akwai wani awo da Musulmi ya riga ya saba da shi, wato alƙibla. Daga Kano gabas ce mai ɗan karkata arewa, daga Istanbul kudu maso gabas, daga Delhi yamma, daga Jakarta yamma mai karkata arewa, daga Cape Town kusan arewa, daga New York kuma arewa maso gabas. Idan hoto ya nuna sahun masallata ko bangon mihirabi, kuma hasken ya nuna safiya ce ko yamma, za ka iya sanin ta wane ɓangaren Makka kake. Masallatan da rana mai faɗuwa ke gabansu ba a Afirka ta Yamma suke ba.

Mataki na uku: rubutu

A ganina nan ya kamata mai koyo ya fi ɓata lokaci, domin babu shaidar da ta kai rubutu ƙarfi, kuma ba sai ka iya karanta harshe kafin ka gane shi ba. Siffar haruffa kawai za ka haddace.

Wanda ya yi karatun allo yana da riba a nan. Rubutun Larabci ba Larabawa kaɗai ke amfani da shi ba. Idan ka ga پ ko چ ko ژ ko گ, to galibi ka bar ƙasashen Larabawa ka nufi Iran ko Afganistan ko Pakistan. Idan aka ƙara da ٹ da ڈ da ے, kuma rubutun yana gangarowa a karkace, Urdu ne, wato Pakistan ko wasu sassan Indiya. A cikin ƙasashen Larabawan ma lambobi suna rarrabewa: Masar da Saudiyya suna yawan amfani da ١٢٣, Maroko da Aljeriya da Tunisiya kuwa 123 suke rubutawa, kuma Faransanci ne ke rakiyar Larabcinsu a alluna. A Maroko za ka ga rubutu na uku a gine-ginen gwamnati, mai da'irori da gicciye da ɗigo, wato Tifinagh, dangin wanda Buzaye ke rubutawa a Agadas.

Haruffan Sirilik ma ba Rasha kaɗai ba ce. Harafin ї na Yukren ne, ў na Belarus, ђ da ћ na Sabiya, ѓ da ќ na Masedoniya ta Arewa, қ da ұ kuma suna kai ka Kazakistan. Rashanci yana da ы da э, waɗanda babu su a harshen Yukren ko na Bulgeriya.

A haruffan boko, ƙananan alamomin da ke sama da ƙasa ne abin dubawa. Ga ã da õ tare da ç a Fotugal da Brazil da Angola da Mozambik; ñ a ƙasashen Sifaniyanci; ł a Polan; ř a Cek; ő da ű a Hangari; ș da ț a Romaniya; ğ da ı marar ɗigo a Turkiyya; ø da æ a Denmak da Norwe; þ a Aisland; ħ a Malta. Harshen Finlan ya cika ninka wasula, kamar aa da ää da uu. Na Biyetnam kalmominsa gajeru ne, kowacce da lodin alamomi a kai.

A Asiya: rubutun Hindi yana rataye a jikin layi ɗaya da ke sama, na Gujarati ya yi kama da shi amma babu layin. Na Tailan yana da ƙananan zobba a bakin haruffa, na Laos ya fi shi zagaye da sauƙi, na Kambodiya ya fi cunkushewa da ƙawa a sama, na Myanmar kusan duk da'irori ne. Na Koriya yana haɗa da'ira da miƙaƙƙun layuka cikin ɗan akwati. Japan tana gauraya haruffan Sin masu sarƙaƙiya da nata masu sauƙi irin の. Taiwan da Hong Kong suna rubuta tsofaffin haruffan Sin masu yawan zane, babban yankin Sin kuma sauƙaƙaƙƙu. Habasha da Eritiriya suna da nasu, haka Jojiya da Armeniya da Girka da Isra'ila.

Allon tsayawa mai kusurwa takwas shi kaɗai yakan yanke hukunci. PARE a Brazil da Ajantina da Kolombiya da Peru, ALTO a Meziko da Amurka ta Tsakiya, DUR a Turkiyya, BERHENTI a Malesiya, ARRÊT a lardin Kebek na Kanada. Faransa kanta STOP take rubutawa. Na Japan ba ma mai kusurwa takwas ba ne, mai uku ne da tsininsa a ƙasa.

Daga nan nemi lambar waya da adireshin intanet a jikin allon talla. +234 Najeriya, +227 Nijar, +233 Gana, +237 Kamaru, +235 Cadi, +249 Sudan, +966 Saudiyya, +90 Turkiyya, +55 Brazil. Ƙarshen adireshi ma haka, sai dai a yi hattara: .ng Najeriya, .ne Nijar, .ni Nikaraguwa; .za Afirka ta Kudu, .zm Zambiya; .ch kuma Suwizalan ce, ba Sin ko Cadi ba.

Mataki na huɗu: titi da abin da ke kansa

Kowace ƙasa tana da hukumar da ta tsara yadda za a yi fentin titi da allo da lambar mota, shi ya sa waɗannan ke canzawa daidai kan iyaka ko da ƙasa da bishiyoyi ba su canza ba.

Layin tsakiya rawaya ne a Amurka, Kanada, Meziko, Brazil da Norwe. A yawancin Turai fari ne. Layi rawaya a gefen kwalta da fari a tsakiya, tare da tuƙin hagu, kusan kullum kudancin Afirka ne: Afirka ta Kudu, Botswana, Lesoto, Eswatini. Allon gargaɗi mai siffar lu'u-lu'u rawaya na nahiyar Amurka ne da Ostireliya da Japan da Tailan, sai Ailan da ta bambanta da maƙwabtanta. Turai da yawancin Afirka mai kusurwa uku ne da jan baki. Cikinsa fari ne galibi, amma rawaya ne a Suwidin, Finlan, Polan da Girka. Ƙananan turakun kilomita na siminti, farare masu jan kai, gadon Faransa ne, ana ganin su daga Senegal har Kambodiya da Biyetnam.

Lambar mota ko daga nesa launinta yana magana. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da shuɗin zirin a hagu. Italiya da Faransa suna da shi hagu da dama. Holan da Luksambog rawaya ce gaba da baya, Birtaniya fara a gaba rawaya a baya, Beljiyam fara mai jan rubutu. Motocin gida a Kolombiya rawaya, a Kamaru ruwan lemo. Sababbin lambobin Brazil da Ajantina suna da shuɗin ziri a sama. Idan kuwa tana karantuwa, har gari takan faɗa: a Turkiyya 34 Istanbul, 06 Ankara, a Jamus B Berlin, M Munich, HH Hamburg, a Indiya DL Delhi, MH jihar Maharashtra, a Kamaru LT yankin Duwala, EN Arewa Mai Nisa. A Najeriya haruffa ukun farko ƙaramar hukuma ce, kamar KMC a Kano da KJA a Ikeja, rubutun kuma shuɗi ne ga motar gida, ja ga ta haya, kore ga ta gwamnati. Amma mota tafiya take yi. Lamba ɗaya ba hujja ba ce. Sai ka ga uku ko huɗu iri ɗaya, musamman a jikin tasi da babura da motocin shara, waɗanda ba sa nisa da gida.

Motocin haya ma suna da tufafinsu. Danfo rawaya mai baƙin ziri Legas ce. Tasi mai fentin rawaya a kusurwoyi huɗu Gana ce. Kore a Wagadugu, ruwan lemo a Abijan. A Maroko kowane gari da launin ƙananan tasinsa: ja a Kasablanka, shuɗi a Rabat. Keke mai ƙafa uku irin adaidaita sahu kore da rawaya ne a Delhi, baƙi da rawaya a Mumbai. 'Yan acaɓa masu rawayar riga Kwatano ce.

Ƙwararrun GeoGuessr har falwaya suke haddacewa. Ta siminti mai manyan huji a jere Hangari ce ko Romaniya ko Polan. Mai fentin baƙi da rawaya a karkace daga gindi Taiwan. Mai ƙarfe biyu da siminti a tsakani jihar Kudancin Ostireliya. Ba na ba mai koyo shawarar ya fara da wannan. Yana da amfani a ƙauye inda babu rubutu, amma haddar tana da yawa, kuma rubutu da lamba sun fi saurin biya.

Mataki na biyar: ƙasa, bishiya, gini

Waɗannan shaidu ne masu rauni idan su kaɗai ne, masu ƙarfi idan sun tallafa wa wasu. Jar ƙasa akwai ta a Uganda da Brazil da Kambodiya da tsakiyar Ostireliya. Bishiyar turare asalinta Ostireliya, amma ta cika Addis Ababa da Fotugal da tsaunukan Peru. Darbejiya daga yankin Indiya ta zo, yau kuma ita ce inuwar Maiduguri da Yamai. Don haka nemi bishiyar da ba ta yi yawo ba. Murtsunguwar nan mai tsayi da hannuwa biyu a ɗage, a hamadar Sonora kawai take fitowa, wato Arizona da arewa maso yammacin Meziko. Kuka dogaye santala-santala masu rassa a can ƙoli kaɗai na yammacin Madagaska ne, kusa da Morondava, ba irin tamu mai faɗin gindi ba. Farar bishiya siririya mai baƙaƙen tabo a ɓawo ta ƙasashen sanyi ce, Rasha da Finlan da Kanada. Gonakin kwakwar manja a jere har iya gani sun fi yawa a Malesiya da Indonesiya.

Bishiya tana faɗin lokaci ma. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka gawo mai ganye a kan busasshiyar gona ya nuna watannin rani a Sahel. Sararin sama fari fat da hazo ya nuna hunturu.

A gine-gine, hasumiyar masallaci ta fi komai saurin ganewa. Siririya mai tsini kamar fensir ta Turkiyya ce da ƙasashen Balkan da Daular Usmaniyya ta mulka. Mai kusurwa huɗu ta Maroko da Aljeriya da Tunisiya ce. Ta laka mai itatuwa a tsire a jiki ta Sahel ce, irin ta Agadas da masallatan Timbuktu da Jenne. Ƙubba mai shuɗin tayil Iran ce ko Uzbekistan. Tsofaffin masallatan Jawa kuwa rufi ne hawa-hawa babu ƙubba. Sai dai Turkiyya ta gina masallatai da salonta a ƙasashen waje, har da babban masallacin ƙasa na Akara, saboda haka a nemi shaida ta biyu.

Idan a cikin ɗaki aka ɗauki hoton, dubi soket. Mai baki uku masu kusurwa na Birtaniya ne da Najeriya da Gana da Kenya da Malesiya da Dubai. Mai zagaye biyu na yawancin Turai da ƙasashen renon Faransa. Mai fale-fale biyu a tsaye na Amurka da Japan. Mai karkatattun baki na Ostireliya da Sin da Ajantina. Robar ruwa da ke kan tebur da takardar kuɗi da kalandar bango duk abin zuƙowa ne.

Misali guda daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka an turo maka hoton titi cike da babura, da wani tsauni mai tsini can gaba. Ababen hawa suna bin hagu, don haka yawancin nahiyar Amurka da yawancin Turai da Afirka ta Yamma sun fita. Akwai ayaba da kwakwa, wato yankin zafi ne. Rubutu haruffan boko ne babu wata alama a kansu, kuma ka ga kalmar Jalan, wato titi a harshen Malay da na Indonesiya. Saura Indonesiya da Malesiya da Singafo da Burunai. Yanzu sai a raba su: kamfani a Malesiya yana ƙare sunansa da Sdn. Bhd., a Indonesiya yana farawa da PT. Shago kedai ne a Malesiya, toko a Indonesiya. Lambar waya +60 da +62. Allon ya ce toko, ga kuma kantin Indomaret a gefe. Indonesiya ce.

Amma ƙasa ce mai dubban tsibirai. Koma kan lambobin baburan. B Jakarta ce, D Bandung, L Surabaya, DK Bali, AB Yogyakarta. Uku daga cikinsu AB ne, kuma a ƙarƙashin sunan titin akwai wani rubutu mai lanƙwasa, wato rubutun Jawa da ake sa wa allunan titi a can. Buɗe taswira: tsaunin da ke arewacin Yogyakarta shi ne Merapi, dutse mai aman wuta. To mai hoton arewa yake kallo, kuma ɗaya daga manyan titunan da ke miƙewa daga birnin zuwa gindin dutsen shi ne Jalan Kaliurang. Ka sauko daga duniya zuwa titi ɗaya ba tare da ka san kalma goma ta harshen ba.

Mataki na shida: tabbatarwa

Zato bai zama amsa ba sai ka ga wurin da idonka a wata majiya daban. Saka hoton a Google Lens da Yandex da TinEye. Kowanne da abin da ya fi iyawa, TinEye kuma yana taimakawa wajen gano tsohon kwafi, abin da ke tona asirin hoton da aka ɗauko daga wata shekara aka ce na jiya ne. Kada ka saka hoton gaba ɗaya kawai: yanko ginin shi kaɗai, ko allon, ko tambarin, ka nema daban-daban. Rubuta sunan shagon a Google Maps da harshen da aka rubuta shi. Inda Street View bai kai ba, gwada Mapillary, ko Yandex a Rasha, Baidu a Sin, Naver da Kakao a Koriya ta Kudu.

Daga nan sai daidaitawa. Zaɓi abubuwa uku da ba sa motsi, misali hasumiya da kwanar titi da ƙolin tsauni, ka ga ko jerinsu a taswira ya yi daidai da jerinsu a hoto daga inda kake zaton an tsaya. Google Earth yana nuna tsaunuka da siffarsu, yana kuma da tsofaffin hotunan sama da za ka ja baya shekara-shekara. PeakVisor yana zana layin tsaunuka daga duk inda ka zaɓa. SunCalc yana nuna inda rana take a kowane wuri da rana da sa'a. Idan inuwar abu ta yi daidai da tsayinsa, rana tana digiri 45 ne daga ƙasa, kuma daga nan ana iya ƙididdige lokaci.

Da irin wannan aikin aka warware wani al'amari mai ciwo a maƙwabtanmu. A Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu yana nuna sojoji suna harbe mata biyu da ƙananan yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta fara cewa ƙarya ce, wasu suka ce a Mali aka ɗauka. Sashen binciken BBC Africa Eye tare da masu bincike na Amnesty International da wasu masu zaman kansu suka ɗauki layin tsaunin da ke bayan mutanen suka daidaita shi da Google Earth, ya faɗa kan wata hanya kusa da Zelevet a yankin Arewa Mai Nisa, dab da iyakar Najeriya. Gine-ginen da ke akwai da waɗanda ba a riga an gina ba a hotunan sama suka ba da shekara, inuwar sojojin kuma ta matse lokacin zuwa tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. A Satumbar 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Tsauni da inuwa, abubuwan da mai ɗaukar bidiyon bai ko kula da su ba, su suka ba da shaida.

Inda ake yawan zamewa

Kama da wane ba wane ba ne. Akwai kwafin hasumiyar Eiffel a Las Vegas da kuma kusa da Hangzhou a Sin. Ginin Bibi Ka Maqbara da ke jihar Maharashtra a Indiya yana ruɗar masu zaton Taj Mahal ne. Tutar Cadi da ta Romaniya kusan ɗaya ce, haka ta Indonesiya da Monako. Ta Ailan da ta Kwaddibuwa juyin juna ne. Ta Mali da ta Gini ma haka. Ta Nijar da ta Indiya sukan rikita mai kallo daga nesa. Gidan abincin Sin mai rubutun Sin yana iya kasancewa a Legas. Ga kuma hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa: alamarsu a wannan aiki ita ce shaidu su ƙi jituwa, rubutu ya zama haruffan da ba na kowane harshe ba, inuwoyi su faɗi ɓangarori daban-daban. Duk lokacin da shaida ɗaya ta saɓa wa sauran, kar ka share ta don ta ɓata maka lissafi. Ko dai akwai bayaninta, ko kuwa amsarka ce ba daidai ba.

Idan za ka faɗi amsa, faɗe ta gwargwadon hujjarka: ƙasa tabbas, gari mai yiwuwa, titi zato. Wajen atisaye kuma, ɗauki yanki ɗaya ka zauna a kansa, misali ƙasashen Sahel ko na Balkan, har ka iya raba maƙwabta, maimakon tsalle daga nahiya zuwa nahiya. Bayan kowane kuskure koma kan hoton ka nemo abin da yake nan ba ka gani ba.

Abin da ya sa wannan fasaha take aiki shi ne ya sa take da haɗari. Hoton tafiya da mai shi ya ce a canka, ko hoton labari da ake son tantancewa, halal ne a bi shi. Bin hoton wata baiwar Allah don a gano unguwarsu ko makarantar 'ya'yan wani cutarwa ce, kuma a wuraren da ake fama da masu garkuwa da mutane tana iya jawo asarar rai. Naka hotunan ma ka dube su da wannan idon kafin ka ɗora: kashe izinin wuri a saitin kyamara, yanke lambar mota da lambar gida da bajen makaranta a rigar yara, kar ka ɗauki abin da ake hangowa daga tagar ɗakinka, hoton otal kuma ka bari sai ka bar garin.